Mary Slessor, Uwar Tagwaye

 A filin tarihinmu na yau za mu leƙa can kudu, bakin teku, ƙasar Kalaba, mu ji labarin wata Baturiya Kirista wadda ta ƙare rayuwarta tana tsayawa bayan uwaye da jarirai. Sunanta Mary Slessor.

An haife ta ranar 2 ga Disamba, 1848, a birnin Aberdeen na ƙasar Sikotland. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya bakwai. Babanta mai ɗinkin takalmi ne, amma giya ta fi ƙarfinsa, abin da ya samu sai ya ƙare a mashaya. Uwarta kuwa mace ce mai riƙon addininta, ita ta ɗauki nauyin gidan da aikin masaƙa. A 1859 suka koma garin Dundee neman abinci. Mary tana 'yar shekara 11 ita ma ta shiga masaƙa, rabin yini aiki, rabin yini makaranta. Da ta kai 14 sai ta koma aikin yini cur, daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma. To kun ga, tun tana yarinya ta san zafin da uwa ke sha idan maigida ya saki ragamar gida. Ku riƙe wannan, domin shi ne ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

A watan Agusta na 1876 ta shiga jirgin ruwa zuwa Kalaba, cocinsu ya turo ta aikin mishan. Da ta sauka ba ta tsaya zaman Turawa ba. Ta koyi harshen Efik har ta iya shi sosai, tana cin abincin mutanen gari, tana kwana a ɗakin laka, sau da yawa ma ba takalmi take yawo.

A zamanin nan akwai wata al'ada a yankin. Mu nan in mace ta haifi tagwaye murna ake yi, a raɗa musu Hassan da Husaini ko Hassana da Usaina. Can kuwa a lokacin an yi imani cewa ɗaya daga cikin tagwayen ɗan mugun aljani ne, kuma tun da ba a san wanne ba ne, sai a halaka su duka, ko a cusa su a tukunya a kai daji a yar. Uwar kuma a kore ta daga gari, babu mai cin abinci da ita, babu mai taɓa kayanta. Ku duba, 'yan uwa, mace da ɗanyen jego, ga rashin 'ya'ya, ga rashin gida, duk rana ɗaya.

Gaskiyar tarihi ita ce ba Mary ta fara yaƙi da wannan abu ba. Akwai 'yan mishan da suka riga ta zuwa tun 1846, akwai kuma sarakunan Kalaba da suka soma hana shi. Abin da ta yi daban shi ne ta shiga ƙauyukan da dokar ba ta kai ba, ta zauna a ciki. Da ta ji an haifi tagwaye, ko tsakar dare ne, sai ta ruga ta ɗauko su tare da uwarsu. Ta kan yi ta lallashin uwar ta shayar da su, domin ita ma uwar tsoronsu take ji. Daga baya ta bi mijin da magana har ya yarda matarsa ta koma ɗakinta. Ba kullum take dacewa ba. Akwai tagwayen da ta ceto, dangi suka yi dabara suka ɗauke namijin suka kashe, macen ta tsira a hannunta. Ta raɗa mata suna Janie, sunan ƙanwarta, ta rene ta kamar ita ta haife ta. Mary ba ta taɓa aure ba, amma gidanta bai rabu da kukan jarirai ba.

A 1888 ta ƙara nutsawa ciki, ƙasar Okoyong, inda baƙi ke tsoron shiga. A nan ta haɗu da wata mata, Ma Eme, 'yar uwar sarkin ƙauyen. Ma Eme ba ta bar addininta na gargajiya ba, kuma ba ta iya fitowa fili ta ja da maza. Amma in ta ji ana shirin wata ɓarna, sai ta aika wa Mary da kwalbar magani da ba komai ciki, kamar mai neman a ƙaro mata. Da Mary ta ga kwalbar ta san akwai ran da ke cikin haɗari. Da wannan 'yar kwalba aka ceci mutane da dama. Sunan Mary ne duniya ta sani, amma wadda ke zaune cikin gida tana kasa kunne ita ma tana da babban rabo a aikin.

Mutanen yankin suka yarda da ita har aka ba ta ikon yanke shari'a a kotun gargajiya ta Okoyong. Zazzaɓin cizon sauro ya yi ta cin ƙarfinta shekara da shekaru, ta ƙi komawa ƙasarsu dindindin. Ta rasu ranar 13 ga Janairu, 1915, tana da shekara 66, aka binne ta a Kalaba. Har yau akwai mutum-mutuminta a birnin, tana riƙe da tagwaye.

'Yan uwa, kisan tagwaye ya wuce a can Kalaba, amma mai jego da aka juya wa baya tana nan kusa da mu: wadda ta haifi nakasasshen yaro aka ce laifinta ne, da wadda yoyon fitsari ya same ta aka mayar gidansu. In kin ji labarin irinta a unguwarku, ko ba ki fita ba, kina iya aika kwanon abinci, kina iya yi wa maigida magana ya sa baki.