Mata Biyu A Labaran Turawa

A zamanin da, kafin zuwan rediyo, jaridun Turai da Amurka sukan buga gajerun labarai don mutane su karanta da maraice. Cikinsu akwai guda biyu a kan zaman aure waɗanda har yanzu ba a manta da su ba.

Na farkon wani Bafaranshe ne, Guy de Maupassant, ya buga shi a jaridar Le Gaulois ta birnin Paris cikin 1884. Labarin Matilda ne, kyakkyawa, matar wani ƙaramin akawu a Ma'aikatar Ilmi. Mijin yana sonta, amma ita kullum raina gidansa ta ke yi, tana ganin an halicce ta don gidan attajiri. Ran nan aka gayyace su liyafar Minista. Ya ba ta faran 400 da ya tara don sayen bindiga, ta yi riga, amma duk da haka ba ta gamsu ba sai da ta aro sarƙar lu'ulu'u wurin ƙawarta. Da suka komo gida, sai sarƙa ta ce ɗauke ni inda kika ajiye ni. Kunya ta hana su faɗin gaskiya. Suka haɗa gadon mijin da bashi, suka sayi irinta faran 36,000, suka mayar. Shekara 10 suna biya, tana wanki da ɗiban ruwa har ta tsufa. Bayan nan ne ƙawar ta gaya mata sarƙar jabu ce, ba ta fi faran 500 ba.

Na biyun kuwa wani Ba'amurke ne, O. Henry, ya buga shi a New York cikin 1905. Della da mijinta Jim sun fi su Matilda talauci, don kuɗin hannunta ana jajibirin Kirsimeti bai kai dala 2 ba. Ta sayar da gashinta dala 20, ta sayo wa agogonsa sarƙa. Ashe shi ma ya sayar da agogon ya sayo mata matazan ado. Kyautar kowa ta rasa amfani, amma ba wanda ya zargi wani.

Talauci ya shiga gidajen duka biyu. Bambancin shi ne Matilda gidan wasu ta ke dubawa, Della kuwa mijinta. Da gaskiyar Hausawa da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.