Gwajin Manhajar Yanar Gizo Kafin A Buɗe Ta Ga Jama'a

Gwajin manhaja shi ne binciken da ƙwararru kan yi wa shafin yanar gizo domin gano kurakuransa kafin jama'a su fara amfani da shi. A yau harkoki da yawa na hukuma sun koma kan irin waɗannan shafuka, kamar rajistar jarrabawar JAMB, da neman aikin gwamnati, da shigar da suna cikin shirye-shiryen tallafi. Idan shafi ya ƙi aiki, wanda ya fi jin jiki shi ne mutumin ƙauye da ya biya kuɗin mota daga 'Yargoje zuwa Ƙanƙara, ya biya mai shagon kwamfuta, ya koma gida ba tare da biyan buƙata ba. Masana sun kasa gwajin gida biyu: gwajin aiki, da gwajin nagarta.

Gwajin aiki

Tambayar da wannan gwaji ke amsawa ita ce: shin manhajar tana yin abin da aka gina ta domin shi? Mai gwaji zai cike fom kamar yadda mai nema zai cike, ya duba ko bayanin ya isa ma'ajiya yadda aka rubuta shi, ko takardar shaida ta fito da sunan da ya dace. Daga nan sai ya shiga yin kuskure da gangan. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN tana da alƙaluma 11, don haka zai rubuta 10, ya rubuta 12, ya ga ko manhajar za ta ƙi karɓa, ta kuma faɗi dalili. A jerin ƙananan hukumomi zai ƙirga ko duka 34 na Jihar Katsina suna nan, kuma idan aka zaɓi Faskari kada mazaɓun Sabuwa su bayyana.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye, wanda kamfanin da bai san Hausa ba zai iya tsallakewa. Sunayenmu suna ɗauke da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, wasu kuma suna farawa da waƙafin sama, kamar 'Yargoje. Manhajar da ba a tsara ta da kyau ba takan mayar da ƙ alamar tambaya, waƙafin sama kuwa yana iya rikita umarnin da ake aika wa ma'ajiyar bayanai har fom ɗin ya ƙi shiga. Sunan da ya canja kama tsakanin takarda da takarda yakan jawo wa mai shi wahala a banki ko wajen tantancewa.

Misali mafi girma a ƙasar nan ya faru ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC ya karɓi sakamakon 'yan majalisar tarayya, amma na shugaban ƙasa ya ƙi hawa har dare. Bayanin da hukumar ta bayar daga baya shi ne, manhajar tana jera sakamako ne a ƙarƙashin jihohi, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na jiha guda ba ne, sai ta rasa inda za ta ajiye shi. Wannan kuskure ne na aiki, kuma ya haifar da muhawara mai tsawo a ƙasa.

Haka nan, duk lokacin da aka yi wa manhaja gyara, wajibi ne a sake gwada ta gaba ɗaya, a kuma tabbatar gyaran ya isa kowace na'ura. A watan Mayun 2025, shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa matsalar na'ura ta taɓa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, domin gyaran da aka yi bai hau wasu daga cikin manyan na'urorin da ke kula da cibiyoyin ba. Dole aka sake wa ɗaliban jarrabawa.

Gwajin nagarta

Shi kuma wannan yana duba yadda manhajar ke aikin: saurinta, da juriyarta, da tsaronta, da sauƙin amfani da ita. Shafi yana iya tafiya daidai idan mutum 10 ne a kansa, ya durƙushe idan dubbai suka shigo a ranar rufe rajista. Don haka akan yi amfani da wasu manhajoji, irin su JMeter, a kwaikwayi cunkoson, a ga iyakar nauyin da zai ɗauka. Ƙasashe masu arziki ma sun taɓa faɗawa wannan rami: shafin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka ya gaza a ranar buɗe shi, 1 ga Oktoba, 2013, aka kuma shafe makonni ana gyara.

A yankinmu babban ma'auni shi ne ƙarfin sadarwa. Gwajin da aka yi a ofis cikin birnin Katsina da babbar kwamfuta ba ya nuna halin wanda ke riƙe da ƙaramar waya a ƙauyen Sabuwa. Ya kamata a gwada shafin da waya mai araha, a wurin da sabis ke ɗaukewa, a ga ko abin da mutum ya rubuta zai tsira idan layi ya yanke. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda tsaro, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sai bayan watanni aka dawo da su. Duk tsarin da za a yi wa waɗannan wurare yana buƙatar hanyar ajiye bayani a na'ura har sadarwa ta samu.

Gwajin tsaro kuwa yana tabbatar da cewa wani ba zai buɗe bayanan wani ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wannan nauyi a kan duk hukumar da ke tattara sunaye da lambobin mutane.

Rawar jami'an ƙananan hukumomi

Mataki na ƙarshe shi ne gwajin karɓa, wanda masu aikin ke yi da kansu, kuma ba ya buƙatar ilimin rubuta manhaja. Kafin jami'i ya sa hannu cewa an kammala kwangila, ya nemi rubutaccen rahoton gwaji mai nuna abin da aka gwada, da kurakuran da aka gano, da waɗanda ba a gyara ba tukuna. Ya kuma zaunar da ma'aikacin da zai riƙa amfani da shafin kullum, tare da mutum biyu ko uku daga ƙauyuka, su cike fom ba tare da an nuna masu ba. Inda suka tsaya suna tambaya, a rubuta shi, a mayar wa kamfanin ya gyara kafin a biya kason ƙarshe na kuɗinsa.