Tarihin Fannin Nazarin Tasowar Ɗan'adam da Iyali a Jami'a

1.0 Gabatarwa

Daga cikin fannonin ilimin da jami'o'i ke koyarwa akwai wanda ya keɓanta da nazarin tasowar ɗan'adam, tun daga haihuwa har zuwa tsufa, tare da iyalin da yake tasowa a cikinsu. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin asalin wannan fanni, da kuma nuna cewa irin iyalin da aka gina shi a kansu ba lallai ne su dace da iyalin kowace al'umma ba.

2.0 Asalin Fanni

Tushen fannin yana ƙasar Amurka. A shekarar 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar Morrill, wadda ta ba jihohi filaye domin su kafa kwalejojin koyar da aikin gona da sana'o'i. Da 'yan mata suka fara shiga waɗannan kwalejoji, sai aka tanadar musu darussan girki da ɗinki da tsabtar gida. Wadda ta ɗaga darajar waɗannan darussa zuwa matsayin kimiyya ita ce Ellen Swallow Richards, masaniyar ilimin sinadarai, kuma mace ta farko da Cibiyar Fasaha ta Massachusetts ta ɗauka ɗaliba. Ita ta jagoranci tarurrukan shekara-shekara da aka fara a Lake Placid a 1899, waɗanda suka haifar da Ƙungiyar Ilimin Tattalin Gida ta Amurka, wadda ta fara aiki a 1909. A wannan mataki, abin da ya fi damun masana shi ne ruwan sha da abinci da lafiyar gida. Nazarin yaro kansa bai samu gurbi sosai ba tukuna.

3.0 Shigowar Yaro da Iyali

Sauyi ya zo ne ta hannun wata uwa a jihar Iowa, Cora Bussey Hillis, wadda ta shafe shekaru tana kai kukanta ga hukuma cewa ana kashe kuɗi wajen binciken masara da dabbobi, amma ba a binciken yara. A 1917 aka kafa cibiyar binciken lafiya da tasowar yara a Jami'ar Iowa. Cikin shekarun 1920, gidauniyar Laura Spelman Rockefeller ta zuba kuɗi wajen kafa irin waɗannan cibiyoyi, kamar ta Minnesota a 1925 da ta Berkeley a 1927. Akan haɗa su da makarantun renon yara, inda ɗalibai ke lura da yara suna rubuta abin da suka gani. A 1938 kuma aka kafa Majalisar Ƙasa kan Dangantakar Iyali, abin da ya ƙarfafa nazarin aure da zaman iyali.

Duk da wannan ci gaba, sunan tattalin gida ya zame wa fannin ƙarfen ƙafa, domin mutane da yawa sun ɗauke shi horon matan aure kawai. Saboda haka Jami'ar Cornell ta sauya wa kwalejinta suna a 1969 zuwa Kwalejin Nazarin Ɗan'adam da Muhallinsa, ita ma uwar ƙungiyar ta sauya nata a 1994. A Cornell ɗin ne Urie Bronfenbrenner ya koyar tun daga 1948. Yana cikin waɗanda suka tsara shirin Head Start na 1965 don yaran talakawa, kuma a littafinsa na 1979 ya nuna cewa ba a fahimtar yaro sai an dubi gidansu da makarantarsa da unguwarsa da wurin aikin iyayensa da al'adar da ta kewaye su duka.

4.0 Fannin a Afirka

Wannan ra'ayi na Bronfenbrenner ya fito da wata matsala fili. Galibin yaran da aka yi nazarin farko a kansu 'ya'yan Turawan Amurka ne masu matsakaicin hali, daga gidajen miji da mata ɗaya da 'ya'yansu. Amma kuma Afirka ta ba da tata gudummawar. A Yuganda ne Mary Ainsworth ta yi binciken shaƙuwar jariri da uwarsa tsakanin 1954 da 1955. Haka nan wani nazari da Robert Marvin da abokan aikinsa suka wallafa a 1977 kan jariran Hausawa ya nuna cewa jariri kan shaƙu da masu reno fiye da ɗaya, ko da yake akwai wadda ya fi maƙale wa. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tunda ya san kunyar ɗan fari, da yaye a wurin kaka, da al'adar riƙo.

A Nijeriya, Jami'ar Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, ta ɗauko tsarin kwalejojin Amurka, kuma ilimin tattalin gida na cikin abin da ta koyar tun shekarunta na farko. Sai dai fanni ba ya zama ɗan gida sai ya sami kalmomin gida. A Hausa, kalmar iyali tana nufin matan mutum da 'ya'yansa, wani lokaci ma matarsa kaɗai. Gida ya fi iyali faɗi, dangi kuma sun fi gida. Ẹbí na Yarabanci da ụmụnna na Ibo su ma kowanne da iyakarsa. Ɗalibin da aka koya wa kalma ɗaya ta Ingilishi a madadin waɗannan duka, zai auna gidan ubansa da ma'aunin da ba nasa ba, har ya ɗauki bambanci a matsayin naƙasa.

5.0 Kammalawa

An ga yadda wannan fanni ya faro daga madafi, ya koma kan yaro, sannan ya faɗaɗa zuwa iyali da al'umma. Aikin da ya rage a jami'o'in Nijeriya shi ne tattara kalmomin reno da tarbiyya da zumunta na harsunan ƙasar, a tantance ma'anoninsu, a shigar da su cikin manhaja. Wannan nauyi ne da ya rataya a wuyan masana harsuna kamar yadda ya rataya a wuyan malaman fannin.