Yadda Ake Haɗa Kwamfutar Tafi-da-gidanka da Intanet a Wurno, Rabah da Goronyo

Ma'aikacin gwamnati da aka tura aiki gabashin jihar Sakkwato, ko ɗan kasuwar da ya je sayen albasa da shinkafa a fadamun kogin Rima, da wuya ya tarar da Wi-Fi na ofis ko na otel irin wanda ya saba da shi a birni. A Wurno, Rabah da Goronyo, kwamfuta na samun intanet ne ta layin wayar salula, don haka shirin yana farawa tun kafin a bar birnin Sakkwato.

Hanyoyin haɗawa

Hanya mafi sauƙi ita ce kunna hotspot a wayar hannu, wato mayar da ita tashar Wi-Fi da kwamfuta za ta kama. Illarta ita ce tana zuƙe caji, tana kuma sa waya zafi. Idan aka haɗa su da igiyar USB, wayar na caji yayin da take aiki.

Hanya ta biyu ita ce na'urar MiFi, wadda ake sa mata nata layin, tana da batirinta, kuma tana ɗaukar na'urori da dama a lokaci guda. Ta fi dacewa da tawagar ma'aikata. Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a 2023 ta tauraron ɗan'adam, bai dogara da turakun sadarwa ba, sai dai yana da tsada kuma yana buƙatar wuta tsayayya.

Sabis da data

Ƙarfin sabis na bambanta daga gari zuwa gari, kuma yakan ragu da zarar an yi nisa da hedikwatar ƙaramar hukuma. Shi ya sa ya kyautu matafiyi ya riƙe layukan kamfanoni biyu, kamar MTN da Airtel ko Glo, waɗanda aka haɗa da lambar NIN, domin ana rufe layin da ba a haɗa ba. Ana sayen data da *312#, a duba ragowarta da *323# a kowane layi.

Kwamfuta ta fi waya cin data, musamman idan Windows ta fara sabunta kanta. Akwai wurin da ake shaida mata cewa datar ƙididdigagga ce, sai ta jinkirta manyan sabuntawa. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Tsaro

A sa wa hotspot kalmar sirri mai tsawo, kuma kada a shiga asusun banki ko a aika takardun ofis ta Wi-Fi da ba a san mai shi ba.

Sabis na iya ɗaukewa baki ɗaya. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Rabah da Goronyo, domin yaƙi da 'yan bindiga. Saboda haka, wanda aikinsa ke da wa'adi ya sauke takardunsa a kwamfuta tun yana gida, ya riƙe fawa-bank cike da caji, ya kuma aika abin da ya kammala duk inda ya sami sabis mai ƙarfi.