Ɓeraye da Tarihin Binciken Tasirin Giya a Ƙwaƙwalwa

A watan Satumba na 1983 Shugaba Ja'afar Numairi ya haramta giya a Sudan, aka tuttular da ita cikin Kogin Nilu a birnin Khartum. Dokar ta hau kan kowa, daga babban birni har ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, irin su Makwar da Mai Wurno, inda Hausawa da Fulani suka daɗe da zama. Doka ta yanke hukuncinta, amma likitoci sun ci gaba da fuskantar tsohuwar tambaya: me ya sa mutum biyu za su sha abu ɗaya, wannan ya bugu nan take ya tsane shi, wancan kuwa ya jure har abin ya zame masa jaraba? Da yake ba a iya yin irin wannan gwaji a kan ɗan Adam, mafi yawan amsar daga ɓerayen ɗakunan bincike na Amurka ta fito.

Labarin ya faro ne a 1959 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Gerald McClearn da David Rodgers sun ajiye wa ɓeraye kwalabe biyu, ɗaya ta ruwa zalla, ɗaya ta ruwa mai barasa kashi 10 cikin 100. Kowane dangin ɓerayen an daɗe ana haɗa 'yan'uwansa barbara, har gadonsu ya zama kusan ɗaya. Dangin da ake kira C57BL ya riƙa zaɓen barasa, dangin DBA kuwa ya ƙaurace mata. Abinci ɗaya suke ci, keji iri ɗaya suke kwana, saboda haka bambancin ya nuna cewa gado yana da hannu.

Bayan McClearn ya koma Jami'ar Kolorado, shi da Ryoko Kakihana suka juya ga batun saurin buguwa. Sukan yi wa ɓera allurar barasa, su kwantar da shi rigingine, su ƙidaya lokacin da zai ɗauka kafin ya iya juyawa ya tsaya da ƙafafunsa. Suka riƙa haɗa masu daɗewa da junansu, masu saurin farkawa da junansu, zuriya bayan zuriya, har aka sami dangi biyu: masu dogon barci da masu gajeren barci. Juriya ma, ashe, ana gadonta.

Abin da ya rage shi ne gano inda barasa take kamawa. Tun aikin Hans Meyer a 1899 da na Charles Overton a 1901, an ɗauka cewa narkewa take yi cikin kitsen da ke lulluɓe da ƙwayoyin jijiya, ta dagula su gaba ɗaya. Daga baya hankali ya koma kan makarɓa. Ƙwayoyin jijiya suna aika wa juna saƙo ne ta hanyar sinadarai, kuma a jikin kowace ƙwaya akwai furotin da ke karɓar saƙon, kamar yadda kwaɗo ke karɓar mabuɗinsa. Wannan furotin shi ne makarɓi. A shekarun 1980 aka nuna cewa barasa tana ƙara ƙarfin makarɓin GABA, wanda yake tamkar birkin ƙwaƙwalwa. A 1989 kuma David Lovinger da abokan aikinsa suka nuna cewa tana danne makarɓin NMDA, wanda yake tamkar totur. Taka birki da sakin totur a lokaci guda shi ke kawo tangaɗi da nauyin harshe da mantuwa.

A ƙarshen shekarun 1980 aka sami dabarar kashe ƙwayar gado guda a jikin ɓera, aikin da ya sa Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies suka sami kyautar Nobel a 2007. Daga nan masana suka iya cire makarɓi ɗaya su ga abin da zai biyo baya. A 1996 John Crabbe na birnin Portland ya ba da rahoton cewa ɓerayen da aka cire wa wani makarɓin serotonin, 5-HT1B, sun sha ninki biyu na abin da 'yan'uwansu suka sha. A 1998 Tamara Phillips ta gano cewa waɗanda ba su da makarɓin dopamin D2 sun rage sha ƙwarai. A shekarar ce kuma Todd Thiele ya nuna cewa ɓerayen da suka rasa sinadarin NPY sun fi sha, sun kuma fi saurin farkawa daga maye. A 2000 Amanda Roberts da abokanta suka ga cewa waɗanda aka cire wa makarɓin miyu, wanda mofin ke kamawa, ba sa neman barasa da kansu. Wannan ya dace da aikin maganin naltrexone, mai toshe makarɓan irin wannan, wanda Amurka ta amince da shi don jinyar mashaya a 1994.

Sai dai a 1999 Crabbe ya sake gwada sakamakonsa tare da Douglas Wahlsten da Bruce Dudek, a ɗakuna uku lokaci guda: Portland da Albany a Amurka, da Edmonton a Kanada. Tsohon bambancin dangin C57BL da DBA ya bayyana a ko'ina, amma yawan shan ɓerayen 5-HT1B bai sake fitowa ba. Masana suka fahimci cewa tasirin makarɓi guda yana iya sauyawa bisa sauran gadon dabbar da yanayin da take ciki, kuma ɗabi'ar sha aikin makarɓa da yawa ce.

Darasi ɗaya dai ya tsallako daga keji zuwa asibiti. A birnin San Diego, likita Marc Schuckit ya bi diddigin ɗaruruwan samari tsawon shekaru, ya tarar cewa waɗanda barasa ba ta saurin kayarwa tun suna matasa su suka fi faɗawa cikin jarabarta daga baya, musamman 'ya'yan mashaya. Wanda jikinsa ba ya yi masa gargaɗi da wuri yakan ƙara kofi a kan kofi. Juriyar da mashaya ke alfahari da ita, a wurin likita alama ce ta haɗari.