Auduga, Rediyo da Kaset: Asalin Zamanin Kiɗan da Ake Kewa a Ƙasar Funtuwa

Da wuya a shiga motar haya daga Funtuwa zuwa Malumfashi, direba ya kunna Shata, har a wuce Bakori ba a sami dattijon da ya girgiza kai ya ce waƙa ta ƙare ba. In an ja shi da hira zai lissafo Ɗankwairo da Haruna Uji da Ɗan Maraya da Barmani Coge, in kuwa ɗan boko ne da ya yi sakandare a shekarun 1970, sai ya ƙara da James Brown da Bongos Ikwue. Wannan kewa tana da tushe, domin an yi wani zamani, daga farkon shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1980, da kiɗa ya yi tashen da bai taɓa yi ba a wannan yanki. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne yadda aka yi zamanin ya samu. Baiwar mawaƙa kaɗai ba ta isa ta yi bayaninsa ba, don kuwa ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa masu baiwa ba. Kuɗin noma da gidan rediyo guda ɗaya da kaset su ne duwatsun murhun da aka ɗora tukunyar a kai, kuma da suka gushe sai tukunyar ta tuntsure.

A fara da auduga. Masu masaƙun Ingila sun kafa kamfanin BCGA a Manchesta a 1902 don neman inda za a noma musu auduga, kuma a jar ƙasa da laka ta kudancin Katsina suka sami abin da suke nema. Aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda kafin ƙarshen shekarun 1920. Funtuwa, wadda a da ƙaramin wuri ce a ƙasar Maska, ta zama mahaɗar hanyoyi, ta cika da fatake da 'yan kamasho da direbobi da leburori da baƙi daga kowace kusurwa. Kuɗin auduga kuma yana da wata ɗabi'a: a dunƙule yake zuwa, bayan kaka, daidai lokacin da aikin gona ya kwanta aka shiga bukukuwan aure da naɗin sarauta. Ga kuɗi a aljihu, ga lokaci, ga taro. A irin wannan kasuwa ne Mamman Shata ya tashi. An haife shi a Musawa a 1923, a gidan da ba a gaji roƙo ba, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba. Ya yi tallar goro da alewa, ya zauna Bakori, daga bisani ya mai da Funtuwa gida har ƙarshen rayuwarsa. Makaɗin fada irin Narambaɗa yana da ubangida guda, arzikinsa na ɗaure da na Sarkin Gobir na Isa. Shata kuwa, duk da kusancinsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa direba waƙa, ya yi wa ɗan kasuwa, ya yi wa ma'aikacin gwamnati da mace mai zaman kanta. Yawan masu iya yin kyauta shi ya ba shi bakin da ya yi suna da shi, domin wanda ke da iyayen gida ɗari ba ya tsoron fushin ɗaya.

Dutse na biyu ya zo a 1962, lokacin da gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Zuwansa ya dace da shigowar ƙaramar rediyo mai batir, wadda manomi zai iya saya da kuɗin auduga ya rataya a kafaɗa. Kafin nan galibi sai wanda ya je wurin wasa yake jin mawaƙi, ko mai hali da ke da garmaho. Daga nan kuwa murya ɗaya ta riƙa shiga Ƙafur da Ƙanƙara da Faskari a lokaci guda, ta gajeren zango kuma ta kai Maraɗi da zangon Kumasi. Shirin Zaɓi Sonka ya sa mutumin ƙauye ya ji an ambaci sunansa da na masoyansa kafin a saka waƙar da ya roƙa. Kamfanin EMI ya buga fayafayan Shata, amma rediyo ce ta mai da shi na kowa. A nan akwai abin lura da masu kewa ba su cika faɗa ba: abin da ya sa kowa ya san waƙoƙin nan shi ne babu wani zaɓi mai yawa. Miji da mata da 'ya'ya da baran gida duk abu ɗaya suke ji. Da Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa bayan saukarsa a duniyar wata a 1969, mutane da yawa ta bakinsa labarin ya zauna musu a kai.

Shekarun 1970 su ne ganiyar abin. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo hannun ma'aikata a farkon 1975, a shekarar kuma aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya kawo takin zamani mai rahusa da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, shi ne kuma ya mai da masara amfanin sayarwa a wannan yanki, abin da kasuwannin Ɗandume da Bakori ke cin moriyarsa har gobe. Manomin da ya sayar da masara ya sayi keke ko babur, ya sayi rikoda. Kaset ya yi abin da rediyo ba ta iya ba. Ana iya ɗaukar wasa da shi a filin biki, a kai wa mai shagon kwafi a tasha, cikin mako ya bazu. Ya kuma shiga cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga. Ta wannan ƙofa kiɗan amada ya fito fili. Sa'adatu Barmani Coge, wadda aka haifa a Gwaigwaye kusa da Funtuwa, ta ɗauki kiɗan ƙwarya da mata ke yi a tsakar gida ranar suna ko biki ta kai shi ko'ina, tana zuga mata su kama sana'a, tana yi wa kishiya da malalaciya shaguɓe, tana faɗin abin da mata ke faɗa in babu maza a kusa.

Kiɗan Turawa ya shigo ta wata hanyar daban, kuma gaskiya ita ce bai taɓa zama na talakan gona ba. Na 'yan makarantar kwana ne da malamansu da ma'aikatan shirin noma da samarin da suka tafi Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tafiyar sa'a guda ce daga Funtuwa. James Brown ya zo Legas a Disamban 1970, Stevie Wonder ya yi wasa a bikin FESTAC na 1977, bikin da aka yi hawan dabarsa a Kaduna. Samari suka tara gashi, suka sa wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da takalmi mai tudu. Bongos Ikwue ya yi karatu a Zariya yana kiɗa, Bala Miller kuma ya ɗora Hausa a kan ƙaho da jita. Akwai wata kama mai ban sha'awa tsakanin abin da ya faru a nan da abin da ya faru can inda kiɗan sol na su James Brown ya fito. Jikokin bayin da suka tsinci auduga a kudancin Amurka su ne suka ƙirƙiro shi. Memphis, inda kamfanin faifai na Stax yake, babbar kasuwar auduga ce, Detroit kuwa, inda Berry Gordy ya kafa kamfanin faifai na Motown a 1959, garin masana'antar mota ne da baƙaƙen fata suka yi ƙaura zuwa cikinsa neman albashi. Motown ya bar Detroit a 1972, Stax ya karye a 1975, masana'antun suka yi ta rufewa. Dattijon Detroit da ke kewar waƙoƙin Motown yana kewar lokacin da akwai aikin yi a unguwarsu, ko ya sani ko bai sani ba.

Haka ta faru a nan. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga, darajar naira ta zube. Masaƙun Kaduna da ke shanye audugar yankin suka yi ta ja da baya, har masaƙar KTL ta rufe a 2002. Ɗaukar makaɗi da tawagarsa ta masu kalangu da 'yan amshi da sanƙira ya fi ƙarfin yawancin masu biki. Ana cikin haka fim ɗin Hausa ya kunno kai da Turmin Danya a 1990, fiyano ta maye gurbin tawaga sukutum, yaro ɗaya a situdiyo yana fitar da sautin ganga da sarewa. Shata ya rasu a Yunin 1999 aka binne shi a Daura. Shekara guda bayan haka jihohin Arewa da dama, har da Katsina, suka ƙaddamar da shari'a, wasan dare ya ƙara shiga takura. Barmani ta rasu a 2013, Ɗan Maraya a 2015.

Mai kewa zai ce duk wannan lissafin kuɗi ne, shi abin da ya sani waƙar da ta fi daɗi. Yana da gaskiya mai yawa, kuma bai kamata a raina ta ba. Kalangu yana bin hawa da saukar muryar Hausa, yana magana, makaɗi da mawaƙi suna amsa wa juna nan take, abin da sautin da aka ɗaure a na'ura ba ya iya yi. Shata yana shirya waƙa a tsaye gaban jama'a, shi ya sa waƙarsa Bakandamiya ba ta da siga ɗaya, kowane ɗauka da irin nasa zubin. Wannan gwaninta ce da ake koya cikin shekaru a filin wasa, filin kuma ya tafi. Sai dai kwatancen da ake yi ba na adalci ba ne. Abin da ya iso mu daga wancan zamani an riga an tankaɗe shi. Ɗaruruwan maroƙa sun yi ta yawo a kasuwannin Ɗanja da Malumfashi suna damun mutane, babu wanda ya ɗauki muryarsu, babu mai tunawa da su. Ana auna zaɓaɓɓun jiya da tarkacen yau gaba ɗaya, dole jiya ta yi nasara.

Hujjar da ta fi rauni ita ce ta tarbiyya, wai mawaƙan da masu ladabi ne, na yanzu ne suka ɓata yara. Shata ya yi waƙar giya a fili, ya yi zambon da ya hana mutane sakat a garuruwansu. Wasu waƙoƙin Barmani har yau ba a saka su gaban suruki. A lokacin da suke ganiyarsu malamai suna wa'azi a kansu, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a 1978, gidaje da yawa kuma ba za su ba maroƙi 'yarsu ba komai kuɗinsa. Girmamawar ta zo a makare. Sai a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa, yana da shekara 65, littafin tarihinsa Shata Ikon Allah kuma ya fito bayan rasuwarsa. Samarin da iyayensu suka zane saboda zuwa wasan Shata su ne dattawan da ke cewa waƙa ta ƙare.

Akwai kuma masu cewa mawaƙin yau ya sayar da bakinsa ga 'yan siyasa, su kawo misali da Dauda Kahutu Rarara, wanda shi ma ɗan wannan yanki ne, daga ƙasar Ɗanja. Waƙa don kyauta ai ita ce sana'ar tun asali, Shata kansa ya tsunduma siyasa har ya shugabanci jam'iyyar SDP a ƙaramar hukumar Funtuwa. Abin da ya canja shi ne yawan hannuwan da ke iya bayarwa. Da manomi da direba da dillalin auduga suna iya riƙe mawaƙi, yau kusan ɗan siyasa kaɗai ya rage mai kyautar mota. Laifin ya fi kusa da tattalin arziki fiye da maƙogwaron mawaƙi.

Wani abin kuma da ke cikin kewar, wanda ba a rasa shi ba sai kwanan nan, shi ne daren kansa. Wasan da ake tunawa ana fara shi bayan lisha a kai asuba, mutane su taho a keke daga ƙauyuka su koma cikin duhu ba fargaba. A Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, inda aka sace ɗalibai fiye da 300 a Disamban 2020, shekaru aka yi ana neman wanda zai kwana gidansa da ido biyu rufe, balle a tara jama'a a fili. Matashin da aka haifa bayan rasuwar Shata, yana jin sa a waya yana cewa da ma a lokacin ya zo, yana jin hayaniyar taro da guɗa da dariya a bayan muryar, irin taron da bai taɓa gani ba.

Yawancin waɗannan wasanni ba a ɗauke su a situdiyo ba, suna cikin kaset-kaset da ke jibge a akwatunan tsofaffin direbobi da shagunan kwafi da suka rufe, zaren kaset kuwa zafi da ƙura suna cinye shi. Duk mai irinsu a gida ya fito da su a juye a kwamfuta, a rubuta sunan garin da aka yi wasan da shekarar da wanda aka yi wa, tun masu iya shaida muryoyin suna raye.