Sarkin Katsina Usman Nagogo, gwanin ƙwallon doki

Ni ɗan mai fataucin shanu ne, a Apo nake zaune a nan Abuja. Yawancin matasanmu da suka tashi a Kudu, in aka ce doki, hawan sallah kawai suke tunawa. Alhali kuwa mun taɓa yin mahayin da sunansa ya kai har ƙasashen waje a fagen gasa, wato Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo.

An haife shi a 1905. Mahaifinsa, Sarki Muhammadu Dikko, mutum ne mai son dawaki, shi ya kafa wasan folo a Katsina, 'ya'yansa suka taso a kan sirdi. Nagogo ya gaje shi a 1944, ya yi sarauta har rasuwarsa a 1981.

Ga wanda bai san folo ba, ƙwallo ce ake bugawa da doguwar sanda daga kan doki, mutum huɗu a kowane ɓangare, zagaye ɗaya minti 7. Ana auna gwanintar ɗan wasa da maki, daga ƙasa da sifili zuwa 10. Nagogo ya kai 7, matakin da tsiraru ne ke taka shi a duniya. Da shi 'yan Katsina suka sha ɗaukar kofin Georgian, babban kofin da ake fafatawa a kai a Kaduna. Ya kuma daɗe yana shugabantar ƙungiyar folo ta Najeriya.

Abin bai tsaya a kansa ba. 'Ya'yansa biyu, Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Arewa daga 1966, da Muhammadu Kabir Usman, wanda ya yi sarautar Katsina daga 1981 zuwa 2008, duk 'yan folo ne.

Mu masu dabba mun san ba a yini ɗaya ake yin irin wannan gwaninta ba. Sai da kiwo mai kyau, da barga, da horo tun ana yara. Shi ne abin da ke neman kuɓuce mana a birni.

Wanda ke Abuja, akwai filin folo na Guards a Asokoro, ba nisa da Apo. In ka ji ana gasa, ɗauki yaranka ku je kallo, ka faɗa musu sunan Nagogo. Allah Ya jiƙansa.